Babbar Taya da Haƙoran Aksul: Yadda Ake Maido wa Hilux Ƙarfinta

Duk motar da ta sauka daga kwaltar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, ko daga wadda ta bi Dauran da Zurmi ta nufi Jibiya, ta san ta shiga aiki. Hanyoyin ƙauyukan da ke fadamun gulbin Gagare da na Bunsuru laka ce da damina, rairayi da rani. Manyan motocin da ke kwaso hatsi zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis kuma sukan bar sawu biyu masu zurfi da tudu a tsakiya. Wannan tudun ne ke kama Hilux: tayoyi na cikin rami, tukunyar aksul ta zauna daram a kan tudu, mota na wulwula taya a banza.

Ƙara wa sifirin tsawo yana ɗaga bodi, amma tukunyar aksul ɗin baya tana nan inda take. Taya kaɗai ke ɗaga ta daga ƙasa. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser da yawa a wannan yanki suke cire tayar kamfani su ɗaura wadda ta fi ta tsayi, kuma suna da hujja. Sai dai ba a jimawa mai motar ke komawa gareji da kuka iri ɗaya: motar ta yi sanyi, ba ta ja da kaya, giya ta biyar ta zama ado, kuloci na wari a cikin yashi, mai kuma kamar ana zubarwa. Bakanike ya wanke nozul, ya sauya fulogi, ya duba famfon mai, duk a banza, domin injin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana can baya, a cikin tukunyar aksul.

A cikin tukunyar akwai ƙarafa biyu masu haƙora. Ƙaramin, finiyon, shi farfela ke juyawa. Babban, kirawun, shi ke juya tayoyi. Idan kirawun na da haƙora 41, finiyon na da 10, to sai farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan lambar ita ce rashiyo. Toyota na da su kala-kala: 43 da 11 suna ba da 3.91, 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 suna ba da 4.56, 39 da 8 suna ba da 4.88, 37 da 7 kuma 5.29. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin jan da ke isa ƙasa, gwargwadon kuma raguwar gudu. Masu ɗaukar buhuna a babur sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke sa babban faifan haƙora a tayar baya idan suna son babur ya ja kaya.

Kamfani ya zaɓi rashiyo ne daidai da tsayin tayar da ya ɗaura, kuma tsayin taya a rubuce yake a jikinta ga wanda ya iya karantawa. A 285/75R16, faɗin tayar milimita 285 ne, tsayin gefenta kashi 75 cikin ɗari na faɗin, wilin kuma inci 16. A ninka gefen sau biyu a haɗa da wili, sai a samu milimita 834, wato abin da ake kira taya inci 33. Tayar 205R16 da ke zuwa da Hilux na aiki kusan milimita 734 ce. Bambancin santimita 10 ne, kuma rabinsa kawai tukunya ke samu: santimita 5. A cikin sawun tirela santimita 5 ba abin rainawa ba ne. Amma an biya su da tsada, domin tayar ta ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari, ƙarfin da take tura ƙasa da shi kuma ya ragu da kusan kashi 12 a kowace giya, har da giya ta ɗaya da ta baya.

Ana ganin abin a allurar da ke nuna juyin inji. Hilux mai rashiyo 4.10 da tayar kamfani, a giya ta huɗu tana gudun kilomita 80 a awa, injinta na juyawa wajen sau 2,370 a minti. Da taya inci 33 sai ya sauko zuwa wajen 2,090. Injin fetur 2TR-FE mai lita 2.7, wanda ya cika Hilux ɗin Najeriya, ba ya kai ga cikakken ƙarfin jansa sai wajen 3,800, don haka wannan saukar tana nisanta shi daga inda yake da kuzari. Direba sai ya riƙa danne totur don ya cike giɓin, daga nan mai ke tafiya. Injin gas 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser, wanda ƙarfinsa ke cika tun wajen 2,200, ya fi jurewa, ko da yake shi ma doki 130 ne kacal yake jan mota mai nauyin fiye da tan biyu.

Akwai wata yaudara da babbar taya ke yi. Idan allurar gudu ta nuna 80, motar tana kan 91 ne. Idan mita ta ƙirga kilomita 100, an yi 114. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane direba ke ƙirga lita, to wanda bai gyara wannan lissafin ba zai ɗauka shan man ya fi yadda yake, zai kuma makara wajen juye baƙin mai. Manhajar taswira ta waya tana nuna ainihin gudu, da ita ya kamata a gwada.

Lissafin gyaran ba shi da wuya. A ninka tsohon rashiyo da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. Mai 4.10 da ya tashi daga 734 zuwa 834 zai samu 4.66. Babu haƙora masu wannan lamba, sai ya zaɓa tsakanin 4.56 da 4.88. Da 4.56 injin zai dawo wajen 2,320, kusa da inda kamfani ya ajiye shi, kuma wannan ya dace da motar da yawancin tafiyarta kan kwalta ce tsakanin Gusau da Ƙaura. Da 4.88 zai kai wajen 2,480, ya ɗan ƙara ƙara a kwalta, amma zai tashi da buhunan gero daga cikin yashi ba tare da an ƙona kuloci ba. Ga motar da ke shiga ƙauyukan Zurmi da kaya, 4.88 ya fi dacewa, domin babbar taya ba tsayi kaɗai ta ƙara ba, har da nauyi. Mai 4.30 kuwa lissafinsa yana faɗawa kan 4.88 kai tsaye.

Kwaɗayin 5.29 kan kama wasu. Ya kamata su dubi finiyonsa: haƙora 7 ne, ƙarami, kuma duk ƙarfin inji ta kansa yake bi. An yi shi ne don taya inci 35 zuwa sama. A ƙarƙashin motar haya mai lodi ba shi da wurin zama.

Kafin a kashe ko kwabo, sai an tabbatar da rashiyon da ke cikin motar, domin motocin da suka sha hannu ba lallai ne abin da ke cikinsu ya zama na asali ba. Tsofaffin Toyota suna da faranti a ƙarƙashin bonet ko a jikin ƙofa mai ɗauke da lambar aksul: G292 na nufin kirawun inci 8 da 4.10, G282 4.30, G252 4.56, G142 kuma 4.88. Sababbin motoci sun sauya tsarin lambar. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ƙirga. A sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga tayar baya ɗaya da jak, a sa giya a furi, a saki birkin hannu, a yi wa taya da farfela alama da alli. Yaro ya juya tayar sau 20 maigida na ƙirga farfela. Idan ta juya sau 41, rashiyon 4.10 ne; sau 43, 4.30, tsakanin 45 da 46, 4.56, kusan 49, 4.88. Idan tayar ta ƙi juyawa ita kaɗai, aksul ɗin mai riƙe tayoyi biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau 10.

A nan ne ya kamata mai mota ya tsaya ya yi tunani, domin ba kowace ƙarin taya ce ke buƙatar buɗe aksul ba. Wanda ya tashi daga 265/65R17, mai milimita 776, zuwa 265/75R16, mai 804, bai kai ƙarin kashi 4 ba, kuma motar za ta ɗauke shi. Akwai kuma doguwar siririyar taya, 7.50R16 ko 235/85R16, mai tsayin milimita 806 ko kusa da haka. Ita ce ke ƙarƙashin Land Cruiser 78 da ƙungiyoyin agaji suka dogara da ita a faɗin Afirka, irin su MSF da ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi. Tana ɗaga tukunya, ba ta da nauyin faffaɗar taya, ba ta gugar bodi idan an karya sitiyari, tana kuma yanka laka ta taɓo ƙasa mai tauri. A rairayi, rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci yana yin abin da faɗin taya ba ya yi, muddin za a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Da yawa daga cikin masu sayen taya inci 33 wannan siririyar ce ta dace da su. Amma ga mai 205R16 da 4.10, ko ita ƙarin kashi 10 ce, lissafinta 4.50, wato 4.56.

Idan an yanke shawarar canzawa, ƙa'ida ta farko ba ta da sassauci: aksul na gaba da na baya dole su zama rashiyo ɗaya. Hilux da Land Cruiser 70 ba su da abin da ke sasanta gaba da baya idan an sa fowil. Farfelolin biyu a ɗaure suke, juyi ɗaya suke yi. Idan baya 4.88 ne gaba 4.10, tayoyin gaba za su nemi yin gudun da ya fi na baya da kusan kashi 19 cikin ɗari. A laka taya za ta riƙa zamewa tana ɓoye laifin. Da an taka ƙasa mai tauri sai wani abu ya karye, ko shaf, ko haƙori, ko akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wanda kuɗinsa na aksul ɗaya ne, gara ya jira. A hanyoyin da matsalar tsaro ta sa kowa ke son ya isa gida kafin la'asar, lalacewar mota a daji ba asarar kuɗi kaɗai ba ce.

Hanya mafi sauƙi, kuma wadda ta fi dacewa da garejin da ba shi da kayan awo, ita ce musanya tukunya sukutum. Aksul ɗin baya na Hilux an yi shi yadda cikinsa ke fita gaba ɗaya: kirawun, finiyon da boris duk a jikin ƙarfe guda, a saite tun daga kamfani. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ana neman na Beljiyam mai rashiyon da ake so. Mai saye ya ƙirga haƙoran da hannunsa, kada ya dogara da rubutun fenti. Ya dubi fuskar haƙoran ko akwai ɓantara ko ramuka, ya juya finiyon ya ji ko yana tafiya sumul, ya girgiza shi ya ji ko yana wasa. Ya auna ramukan faifan da farfela ke ɗaurawa, domin ba duka ne suke daidai ba. Aksul na gaba ya fi wahala a Hilux ƙirar 2005 zuwa yanzu: tukunyar a jikin shasi take, sai an sauke ta gaba ɗaya an raba ta biyu. Land Cruiser kuma kirawunta na baya inci 9.5 ne, kuma a yawancin ƙirar 1990 zuwa sama na gaba inci 8 ne mai yankan haƙora a juye, don haka haƙoran baya na Hilux ba su dace da wurin ba ko da girman ya zo ɗaya.

Ɗaura sababbin haƙora, na Toyota ko na kamfanoni irin su Nitro da Yukon, shi ne aikin gwani. Kirawun da finiyon tare ake goge su a masana'anta, tare ake sayar da su, ba a haɗa na wannan da na wancan. Tare da su a sayi sababbin boris huɗu na kirki, Koyo ko Timken, da sil ɗin mai, da sabon noti na finiyon, da tarin siraran wasa masu kauri daban-daban. A ƙirga tsagogin wutsiyar finiyon, domin akwai mai 27 akwai mai 29, kuma dole faifan farfela ya dace da shi. A gaya wa mai sayarwa tsohon rashiyo, tunda wasu aksul ɗin suna buƙatar kirawun mai kauri idan tsallen ya yi nisa.

Aikin yana farawa da juye man giya, a cire farfela bayan an yi mata alama, a kwance bututun birki, a zaro shaf biyun baya, sannan a kwance notocin da ke kewaye da tukunya a fito da cikinta. Kafin a taɓa komai a buga alama a murafun boris biyu, na dama da na hagu, domin an gyare su ne a wurinsu kuma ba sa musanya. A wanke komai tas da kananzir. A garejin da ke buɗe ga iskar hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne: ƙwayar yashi ɗaya tsakanin kirawun da mazauninsa ta isa ta karkata shi. A shimfiɗa leda, a yi aikin a cikin ɗaki idan da hali. Kirawun ba a buga shi da guduma. Littafin Toyota ya ce a ɗumama shi zuwa zafin tafasasshen ruwa, sai ya buɗe ya zauna da kansa. Idan ya huce a ɗaure kusoshinsa a gicciye da sifana mai auna ɗauri, wajen 97 a ma'aunin Nm ga mai inci 8.

Abu huɗu ake saitawa, kuma kowanne na taɓa ɗan'uwansa. Na farko zurfin finiyon, wanda wasar da ke ƙarƙashin boris ɗinsa na ciki ke ƙayyadewa. A fara da kaurin tsohuwar wasa. Na biyu matsin boris ɗin finiyon. Ya kamata ya juya da ɗan nauyi, ba sakwa-sakwa ba, ba kuma a cije ba. Ga sababbin boris, littattafan Toyota suna ba da tsakanin 10 da 26 a ma'aunin kilo-santimita, gwargwadon ƙirar aksul. Wanda ba shi da ƙaramar sifanar awo zai iya amfani da sikelin rataye: idan ramin kusa na nesa da tsakiyar faifai da santimita 5, kuma sikeli ya nuna kilo 4 a lokacin da faifan ya fara juyawa, an samu 20 ke nan. Tsakanin boris biyun akwai wani bututu da ake matsewa ya lanƙwashe sau ɗaya tak. Idan an zarce, ba a sassauta noti a ce an gyara, sai dai a sa sabo. Ga motar kaya da mugunyar hanya, bututu mai tauri da ake saitawa da wasa ya fi riƙe saitinsa.

Na uku shi ne wasan da ke tsakanin haƙoran, kuma a nan ne aikin ido ke kashe aksul. Toyota na son milimita 0.13 zuwa 0.18 ga mai inci 8, abin da yatsa ba zai iya tantancewa ba. Sai da agogon awo mai allura da gindin maganaɗisu, a kafa bakinsa a kan haƙori, a riƙe finiyon, a girgiza kirawun, a karanta a wurare uku ko huɗu. Manyan notoci biyu na gefe su ke matsar da kirawun kusa ko nesa, kuma su ne ke ba da abu na huɗu, matsin boris ɗin gefe. Wannan matsin idan ya yi kaɗan, kirawun zai riƙa gudun finiyon a ƙarƙashin kaya har haƙori ya ɓalle. Kuɗin agogon bai kai na taya ɗaya ba. Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa bakanike, "Oga, ina agogon awonka?" kafin ya miƙa makulli, kuma bakaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar.

Shaida ta ƙarshe fenti ke ba da ita. A shafa wa haƙora uku ko huɗu shuɗin man gwaji ko jan gubar awo a wurare uku, a danne kirawun da katako don ya yi nauyi, a juya finiyon gaba da baya. Inda haƙora suka taɓa juna fenti zai goge. Ana son tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, mai laushin gefe, ya ɗan karkata wajen ƙaramin ƙarshensa na ciki. Idan ya hau can ƙololuwa, finiyon bai shiga sosai ba, a ƙara kaurin wasa. Idan ya nutse gindin haƙori da kaifin layi, ya shige da yawa, a rage. Kowane canji yana nufin a sake zare boris, a sake saita wasan haƙora, a sake shafa fenti, kuma ba abin mamaki ba ne gwani ya maimaita sau da dama kafin ya gamsu. Wanda ya gaji ya rufe a haka, motar za ta fito tana kuka kamar jiniya idan an taka totur ko an sake shi, kuma wannan kukan ba ya warkewa.

Idan an haɗa, a zuba man giya GL-5, 80W-90 ko 85W-140 ga mai ɗaukar nauyi cikin zafin bazara, har ya fara tsiyayowa daga ramin cikawa. Aksul mai riƙe tayoyi biyu yana da nasa man na musamman. Sababbin haƙora suna zafi sosai a farko: a yi tafiyar kilomita 25 zuwa 30 a hankali, a tsaya tukunya ta huce, a maimaita sau biyu ko uku. Kilomita 800 na farko ban da lodi mai nauyi, ban da jan wata mota, daga nan a juye man a duba maganaɗisun da ke jikin kusar juyewa. Laushin garin ƙarfe ba komai ba ne, ɓarɓashi mai kaifi kuwa alama ce ta a sake buɗewa. Aksul na gaba ma yana buƙatar nasa horon, a sa fowil a kan burji ko yashi na ɗan lokaci.

Allurar gudu a tsofaffin motoci daga farfela take karatu, don haka sabon rashiyo zai dawo da ita kusa da gaskiya. A sababbin da ke karatu daga na'urar birkin ABS a jikin taya, kuskuren na nan yadda yake. Sabon rashiyo kuma bai rage wa birki, boris ɗin taya, shaf ɗin gaba da sitiyari nauyin babbar taya ba. Suna buƙatar dubawa fiye da da.

A saman aksul akwai ɗan ƙaramin bututun shan iska. Tukunya mai zafi da ta faɗa cikin ruwan mashigi a watan Agusta tana hucewa nan take, ta zuƙi ruwa ta wannan bututun ko ta sil. Mai ya koma fari kamar madara, boris su yi tsatsa, aikin da aka sha wahala a kansa ya lalace cikin damina ɗaya. A cire bututun, a sa tiyo mai jure mai, a ja shi sama zuwa ƙarƙashin bodi a ɗaure, a sa masa ƙaramar matatar fetur a baki, a bar masa saki yadda aksul zai yi sama da ƙasa bai tsinke ba. Duk lokacin da ruwa ya kai tsakiyar wili, a kwance kusar cikawa da an isa gari a duba launin man.